Iskandar: Sunan Musulunci Ne Ko Na Sarkin Girkawa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana tarihi da malamanmu na addini. Sunan nan Iskandar, daga ina ya fito? Ina yawan ganinsa wurin Musulmin Malesiya da Indunusiya da Pakistan, har mahaifin sarkin Malesiya na yanzu sunansa ke nan. Amma wani ya ce mini Alexander ɗin Turawa ne aka juya. An yi wa ƙanena haihuwa, yana son ya raɗa wa yaron wannan suna, dattawan gida kuma sun ce sai an san asalinsa tukuna.

Abu Hafsat:
Wa alaikumus salam. Allah Ya raya, Ya yi masa albarka. Ka ce masa ya sa abinsa hankali kwance. Sunan Zulƙarnaini ne, wanda Allah Ya ba da labarinsa a Suratul Kahfi daga aya ta 83 zuwa ta 98. Ka buɗe Jalalaini a wurin, za ka tarar an ce sunansa Iskandar kuma ba annabi ba ne. Duk azumi ana karanta wannan a masallatanmu. Mutumin da Alƙur'ani ya yaba, ina abin tsoro a sunansa?

Malam Habu Zariya:
Allah Ya raya mana. Abu Hafsat, maganar Zulƙarnaini na bar wa malamai, ni ɓangaren asalin sunan zan taɓa, tunda shi aka tambaya.

Sunan na Girkawa ne, babu ja a kan wannan. Su suna cewa Aleksandros. Kalma biyu aka haɗa: ta farko tana nufin karewa ko tunkuɗe hari, ta biyu kuma namiji ko mutum. Wato mai kare mutane, garkuwar maza. Haka Girkawan da suke gina sunayensu, kalma biyu su dunƙule wuri guda. Mahaifinsa ma Filibbos, ma'anarsa mai son dawaki.

Abin da nake so jama'a su riƙe shi ne sunan ya girmi sarkin da ya yi fice da shi, wato Iskandar Mai Girma (Alexander the Great), nesa ba kusa ba. Sarkin an haife shi a Pella ta ƙasar Makidoniya a shekara ta 356 kafin Miladiyya, ya mutu a Babila a 323, yana da shekara 32. To amma a Maisini, tsohon birni a kudancin Girka, an tono allon yumɓu na wajen ƙarni na 13 kafin Miladiyya mai ɗauke da jerin sunayen mata, a cikinsu akwai Aleksandra. Irin rubutun da ke jikin allon sai a 1952 wani Bature ɗan Ingila, Michael Ventris, ya iya warware shi. Haka kuma a ƙasar da take Turkiyya a yau, an samu yarjejeniya tsakanin sarkin Hittiyawa Muwatalli na Biyu da wani sarki mai suna Alaksandu na ƙasar Wilusa, wajen 1280 kafin Miladiyya. Masana da yawa suna ganin Wilusa ita ce Tiroi, birnin da tsoffin waƙoƙin Homer suka ba da labarin yaƙinsa. Kuma a waƙoƙin nan, ɗan sarkin Tiroi da ya gudu da matar wani har yaƙi ya tashi, an fi kiransa Aleksandros a kan ɗaya sunan nasa, Paris.

Ka ga ke nan an yi kusan shekara dubu ana kiran mutane da shi kafin a haifi wanda muka sani. Ko a gidan sarautarsu shi ne na uku mai sunan, kawunsa ɗan'uwan mahaifiyarsa ma sunansa ke nan.

Maman Sadik:
Malam Habu sannu da ƙoƙari. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai, ta yaya Aleksandros ya koma Iskandar? Ban ji sun yi kama ba ko kaɗan.

Ɗan Damagaram:
Maman Sadik, bari in ɗan taimaka, a Masar na yi karatu. Ki faɗi sunan yadda Larabawa suke faɗarsa cikakke: Al-Iskandar. Yanzu ki jera shi da Aleksandar. Kin ji? Da sunan ya shiga bakin Larabawa, sai suka ɗauki "al" ɗin farkon a matsayin alif da lam ɗinsu, wanda ake iya sawa a iya cirewa. Sannan "ks" ta juye ta koma "sk". Da aka cire "al" sai Iskandar ya rage. Farisawa da mutanen Indiya suka ce Sikandar, Turkawa Iskender. Mu Hausawa akasin haka muka yi da kalmomin Larabci, mun manne "al" ɗin ya zama jikin kalma: alƙali, albasa, alƙalami, almajiri.

Birnin da sarkin ya kafa a bakin teku a Masar a 331 kafin Miladiyya shi ne Iskandariyya. Amru ɗan Asi ya shige shi a zamanin Sayyidina Umar, a shekara ta 642, kuma ba a sauya masa suna ba har yau. A Turkiyya ma akwai Iskenderun. Mutumin ya yi ta kafa birane yana sa musu sunansa tun daga Masar har Tajikistan ta yau, har dokinsa ya yi wa gari takwara a ƙasar da yanzu take Pakistan.

Abu Hafsat:
To duk wannan bai rushe maganata ba. In asalin kalmar na Girka ne, sai me? Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ ma ai ba kalmomin Larabci ba ne. Ni dai na tsaya kan cewa shi ne Zulƙarnaini. Ya kai gabas, ya kai yamma, kuma na ga hoton tsabar kuɗin da aka buga da fuskarsa, ƙaho biyu ne a kansa.

Malam Nasiru:
Ɗan'uwa Abu Hafsat, batun Ibrahim da Isma'il ka yi gaskiya, kasancewar suna ba na Larabci ba bai hana a sa shi. Amma batun Zulƙarnaini, a bi a hankali, domin malaman tafsiri ba su taru a kan magana ɗaya ba.

Gaskiya ne Jalalaini ya ce sunansa Iskandar, amma bai ce ɗan Filibbos na Makidoniya ba. Ibnu Kasir ya rarrabe a fili: ya ce akwai na farko, bawan Allah mumini, wanda ya kawo ruwayar cewa ya yi zamani da Annabi Ibrahim (AS), akwai kuma na biyu, ɗan Filibbos, wanda Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya yi wa waziri, ya rayu wajen shekara 300 kafin Annabi Isa (AS). Tsakaninsu zamani mai tsawo. Ibnu Taimiyya ma ya musanta cewa mutum ɗaya ne. Fakhruddin Razi ya karkata ga cewa Bamakidoniyen ne, saboda a tarihi ba a san wani da mulkinsa ya yi faɗi haka ba, amma shi da kansa ya ce akwai babbar matsala a ciki, tunda mutumin almajirin Aristotal ne kuma a kan tafarkinsa yake. Wasu sun ce ɗaya daga sarakunan Yaman ne, domin su ne aka sani da laƙabi mai farawa da "Zu", kamar Zu Nuwas da Zu Yazan. Abul Kalam Azad na Indiya kuma ya ce Kurush ne, sarkin Farisa.

Ƙahon da ka gani a jikin kuɗin nan kuwa, hujja ce a kanka, ba taka ba. Ƙahon rago ne, alamar Amun, abin bautar Misirawa. Iskandar ya keta sahara ya je wurin bautarsa a Siwa, daga nan aka riƙa ce masa ɗan Amun. Bayan mutuwarsa ɗaya daga cikin kwamandojinsa, Lisimakos, ya buga kuɗi da fuskarsa da ƙahonin. Wanda Suratul Kahfi ta ba da labari kuwa, da ya gama gina katanga cewa ya yi wannan rahama ce daga Ubangijina. Ni ban ga yadda za a haɗa mai wannan furuci da wanda ya yarda a ce masa ɗan gunki ba.

Hajiya Turai:
Alhamdulillahi da Malam Nasiru ya faɗi wannan. Baban Ilham, ɗana, ka ji ni da kyau. Suna linzami ne. Mutumin nan ba wai kawai bai san Allah ba, jinin da ya zubar ba kaɗan ba ne. Malam Habu yana nan, ya gyara mini in ba haka ba ne. Ya rushe birnin Tibis na 'yan'uwansa Girkawa ya sayar da mutanensa bayi. Ya yi wa birnin Taya, a Labanon ta yau, ƙawanya wata bakwai, da ya ci ta ya yi musu kisan gilla. Ya soke amininsa da mashi cikin maye, mutumin da ya taɓa ceton ransa a fagen fama. Sunayen annabawa da sahabbai sun ƙare ne da za a tsallake su a ɗauko wannan?

Malam Habu Zariya:
Hajiya, babu abin gyarawa. Tibis a 335, Taya a 332, aminin kuma Kilaitos ne, a Samarƙand aka yi abin a 328, duk kafin Miladiyya. Marubutan da ma sun ce mutum wajen 30,000 aka sayar daga Tibis kaɗai. Ba na wanke shi.

Amma ranki ya daɗe, ki dubi abin da ya faru da sunan bayan shi. Babu waɗanda ya fi ɓata wa kamar Farisawa. Ya karya daularsu, ya ƙone fadar Fasifolis a 330 kafin Miladiyya. Littattafan Majusawa na da ba sa ambatonsa sai sun haɗa da "la'ananne". Duk da haka, bayan Musulunci ya kafu a ƙasar, mawaƙan Farisa irin su Firdausi da Nizami suka mai da shi sarki mai neman hikima, Firdausi ma ya ce jinin sarautar Farisa ne, ɗan'uwan Dara, sarkin Farisa da ya yaƙa. Daga nan sunan ya shiga gidajen sarautar Musulmi. Sikandar Lodi ya mulki Delhi daga 1489 zuwa 1517. Iskandar Muda ya mulki Ace ta Indunusiya daga 1607 zuwa 1636, ƙasar da ake wa kirari da farfajiyar Makka. Shugaban ƙasar Pakistan na farko a 1956 sunansa Iskandar Mirza. Sarakunan Malayu da dama suna kai salsalarsu ga wanda suke kira Iskandar Zulkarnain. Waɗannan mutane ba wanda ya ƙone Fasifolis suke nufi ba in sun raɗa wa 'ya'yansu suna, sarkin adalci na cikin labaransu suke nufi.

Kuma ba Musulmi kaɗai ba. A Habasha an yi sarki Kirista mai suna Iskindir daga 1478 zuwa 1494. Yahudawa suna da labarin cewa ya girmama babban malaminsu a Ƙudus, shi ya sa suka karɓi sunan, har aka yi sarkin Yahudawa Aleksanda Yannai. Gwarzon Albaniya da ya yaƙi Daular Usmaniyya har ya mutu a 1468, Turkawan ne da kansu suka laƙaba masa Iskender Bey, ya zama Skanderbeg. Sarakuna uku a Sikotland, uku a Rasha. Ban san wani suna da ya ratsa addinai da ƙasashe haka ba in ka cire sunayen annabawa.

Hajiya Turai:
Na ji, Malam. Amma duk waɗanda ka lissafa sarakuna ne da mayaƙa. Mai mulki dama wanda ya fi shi cin ƙasa yake so ya kwaikwaya. Ni tarbiyyar yaro nake magana. Ranar da ya girma ya tambayi ubansa wane ne mai sunana, me za a ce masa?

Malam Nasiru:
Hajiya, tambayarki tana da nauyi. Abin da shari'a ta hana shi ne suna mai nuna bauta ga wanin Allah, ko mai mummunar ma'ana, kuma malamai sun ƙi a sa sunan waɗanda suka yi suna da girman kai da zalunci irin su Fir'auna da Ƙaruna. Manzon Allah (SAW) ya canza wa mutane sunaye marasa kyau, ya mai da Asiya mai ma'anar mai saɓo ta koma Jamila. Ma'anar Iskandar ba ta cikin wannan, kare mutane abin yabo ne. Kuma Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna sa shi a gaban malamansu. Saboda haka ba zan ce haramun ne ba. Amma halal daban, abin da ya fi daban. Mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman, wannan hadisi ne ingantacce.

Istifanus Kafanchan:
Salama gare ku duka. Ina bin zancen nan tun farko, bari in sa baki daga ɓangarenmu. Mu Kiristocin Arewa muna ɗauke da sunayen Girkawa da yawa, wasunmu ma ba su sani ba. Nawa, Istifanus, daga Stefanos ne, wato kambi. Bitrus dutse ne. Filibus shi ne mai son dawakin da Malam Habu ya ambata. Andarawus kuma tushensa ɗaya da rabin sunan da muke magana a kai, wato namiji, jarumi. Dalili shi ne da harshen Girka aka rubuta Sabon Alkawari, kuma yaƙe-yaƙen wannan sarki ne suka baza harshen a ƙasashen gabas har ya zama na kasuwa da rubutu.

Sunan kansa yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Markus 15:21, mutumin Kurane da aka tilasta wa ɗaukar gicciye, an ce shi ne uban Iskandari da Rufas. Kurane a Libiya take. Sannan Bulus ya koka da wani Iskandari maƙerin tagulla da ya cuce shi. Mama Hajiya, dalilin da ya sa na kawo wannan ke nan: shekara ɗari uku da wani abu bayan sarkin, sunan ya riga ya zama na talakawa, ɗan manomi da maƙeri duk suna amsa shi, nagari da mugu. Ba na sarakuna kaɗai ba ne.

Maman Sadik:
Ni fa akwai abin da duk ba ku taɓa ba, kuma mu iyaye mata shi muka fi dubawa. Ku faɗi sunan da bakin Bahaushe ku ji da me ya fara. Yaron nan makarantar allo zai je, firamare zai je, cikin yaran unguwa zai tashi. Wallahi sai sun datse sunan sun mai da shi abin da ba mu so. A Malesiya ba su da wannan damuwa don harshensu daban, mu muna da ita. Na ga yaron da tsokana a kan suna ta sa ya tsani zuwa makaranta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne wurin yaro.

Ɗan Damagaram:
Wannan magana ce ta gaske, Maman Sadik, kuma ina jin tana cikin abin da ya sa sunan bai yi yawa a ƙasar Hausa ba duk da muna jinsa a tafsiri. Kowace al'umma gyara shi ta yi ya dace da bakinta. Rashawa suna cewa Sasha, mutanen Hangari Sandor, Sifaniyawa Alehandro, Italiyawa Alessandro, Girkawan yau kuma Alekos in suna son gajartawa. Wanda ya nace yana iya ɗaukar Sikandar, ya kuɓuta daga abin da kika faɗa.

Yaya Rabi:
Malam Habu, su Girkawan har yanzu suna sa shi? Ko ya zama na tarihi a wurinsu?

Malam Habu Zariya:
Suna sa shi sosai, maza da mata. Al'adarsu tun zamanin da ita ce ɗan fari namiji ya ci sunan kakansa na wajen uba, kuma har yau da yawa suna bin wannan, shi ya sa suna ba ya ɓacewa a zuriya. A tsohuwar Atina ranar goma da haihuwa ake raɗa suna, a yi yanka a tara dangi. Yanzu kuma da suke bin cocin Otodoks, kowane suna yana da ranarsa a shekara, wadda mutane da yawa suka fi ɗauka da muhimmanci a kan ranar haihuwa. Ta masu wannan suna 30 ga Agusta ce. Kuma ku lura, ba don sarkin aka ware ranar ba, don wani shugaban cocin Kustantiniya ne na ƙarni na 4 mai wannan suna, wanda suke ɗauka waliyyi.

Sarkin kuma bai fita daga bakin talakawansu ba. Masu jiragen ruwa suna da tatsuniyar cewa 'yar'uwarsa ta zama 'yar ruwa, tana tare jirgi a teku ta tambaya ko sarki Aleksandros yana raye. In aka ce yana raye yana mulki, sai ta bar su su wuce lafiya. In aka ce ya mutu, sai ta tayar da igiyar ruwa ta kifar da jirgin.

Har rigimar ƙasa da ƙasa an yi a kansa. Da Yugoslabiya ta wargaje a 1991, wani yankinta ya kira kansa Makidoniya, Girka ta ce ba ta yarda ba, suna da tarihin nata ne. Su kuma suka sa wa filin jirgin saman Skopje, babban birninsu, sunan sarkin, suka kafa ƙaton mutum-mutumin mahayin doki a tsakiyar birnin a 2011. Girka ta tare musu hanyar shiga ƙungiyar NATO shekara da shekaru. Sai a 2018 aka cire sunan daga filin jirgin, aka sa hannu a yarjejeniyar Prespa, ƙasar ta koma Makidoniya ta Arewa a 2019.

Abu Hafsat:
Malam Nasiru, har yanzu zuciyata ta fi natsuwa da abin da ke cikin Jalalaini, ko da na farkon ake nufi kamar yadda Ibnu Kasir ya rarrabe. Amma ina da tambaya. Wanda yake son mutumin Suratul Kahfi zalla, ba ya son shiga wannan saɓani, zai iya sa wa ɗansa Zulƙarnaini kai tsaye?

Malam Nasiru:
Zai iya. Asalinsa laƙabi ne, ma'abocin ƙaho biyu, kuma malamai sun yi maganganu a kan dalilinsa, wasu suka ce don ya kai mahudar rana da mafaɗarta ne. Amma da shi Alƙur'ani ya kira shi, kuma an daɗe ana sa shi a matsayin suna, a nan ƙasar ma akwai masu amsa shi, kamar yadda ake da Zulkifilu. Wanda aka raɗa wa wannan, ko mutumin Bayamane ne ko Bafarishe ko wani daban, shi dai wanda Allah Ya yaba aka yi wa takwara.

Hajiya Turai:
Wannan kam na yarda da shi, ko jikana ne zan so a sa masa. Iskandar kuwa ina nan kan bakana, Malam Habu ya yi haƙuri.